Yadda Ake Haɗa Bukkar Bargo a Cikin Ɗaki Tare da Ƙananan Yara

Akwai wani kayan wasa da ake sayarwa a kwali: sandunan roba masu tsawo ɗaya da ƙwallaye masu ramuka ta ko'ina. Ana cusa sanda a ramin ƙwallo, a haɗa wannan da wancan har a tayar da ƙwarangwal, sai a lulluɓe shi da zani ko bargo ya zama 'yar bukka da yara za su shiga. A Turai da Amurka abin ya yaɗu, kuma a wurare da yawa can sanyi kan kulle yara a ɗaki wata da watanni. Mu ma muna da ranakun da tsakar gida ba ta zaunuwa: ruwan Agusta da yake wuni yana zuba, ƙurar hunturu, da dogon hutun makaranta da yara ke rasa abin yi sai naci a kan waya.

Abu ɗaya nake so ki riƙe tun kafin ki buɗe kwalin, uwargida. Sandunan nan ba su da ƙarfin ɗaukar nauyi. Duk da sunan bargo da ake kira, abin da ke sa bukka ta tsaya shi ne yadda aka haɗa ta da kuma rashin nauyin abin da aka rufa mata. Idan kin gane wannan, rabin aikin ya ƙare. Sauran rabin kuma na yaran ne, don da hannunsu ya kamata a gina ta. Maigida ma in yana gida ya zauna a ƙasa a yi da shi, aikin ya fi daɗi da manya biyu.

Kayan da za ki tanada

Kwalin sanduna da ƙwallaye. Kamfanoni da yawa suna yin sa. Wani sananne mai suna Crazy Forts yana zuwa da sanduna 44 da ƙwallaye 25, kuma da wannan adadin na yi lissafin da ke ƙasa. Yawancin waɗanda suka shigo hannuna tsawon sandarsu wajen santimita 40 ne. Idan naki ya bambanta, tsarin ɗaya ne, girman bukkar ne kawai zai canja.

Abin rufi marar nauyi. Tsohuwar atamfa ta fi komai, sai zanin gado mai shara-shara, sai manyan mayafai. Ki nemi yadi 3 a haɗe guda ɗaya, da zani na yadi 2 guda ɗaya, da wani mayafi na labulen ƙofa.

Fegin shanya kamar 15 zuwa 20. Na katako ko na roba duk suna yi, muddin bakinsu zai buɗe ya kama sanda.

Tsumma da aka yayyaga siri-siri, na ɗauri. Ya fi igiyar roba, don ba ya zamewa kuma ba ya yankan hannu.

Shimfiɗa: tabarma ko darduma, bargo mai kauri, da matasan kai biyu ko uku. Wurin bargo a nan yake, a ƙasa.

Tocila ko ƙaramar fitilar caji wadda ba ta zafi.

Salatif, da jaka ko bokiti mai murfi na ajiyar kayan.

Mataki na 1: Zaɓar wuri

Ki nemi fili a falo ko a ɗaki mai faɗin kamar mita 2 ta kowane gefe, domin bukkar za ta ci kusan mita 1, sauran kuma na zirga-zirga ne. Lungun da bango biyu suka haɗu ya fi kyau, saboda in yaro ya jingina ta ciki, bango zai tare ta.

Kafin a fara, ki ɗaga kai ki duba sama, ki kuma duba ƙasa. Yaro mai riƙe da sanda yana son ɗaga ta, kuma in ya haɗa uku a jere ya hau kujera, za ta iya kai fankar sama. A kashe fankar har a gama. Fanka mai tsayuwa a matsar da ita nesa, don tana jan gefen mayafi. Kada bukkar ta rufe soket ko wayar da ke ɗauke da wuta, kada ta tare ƙofar fita, kada kuma ta jingina da teburin da talabijin ke kai. Idan ƙasan tayil ne ko leda mai santsi, a shimfiɗa darduma tukuna a gina a kanta, in ba haka ba ƙwallayen ƙasa za su riƙa zamewa ƙafafun bukkar su baje.

Mataki na 2: Zube kaya, ƙirga su, raba aiki

Ki juye kwalin a kan tabarma ki sa yaran su ware sanduna gefe, ƙwallaye gefe, suna ƙirgawa da ƙarfi. Amfanin wannan biyu ne: kin san adadin da za ki nema in an gama, su kuma hannunsu ya saba da kayan. A nan ne za ki duba ko akwai sandar da ta tsage ko ƙwallon da ya fashe, ki cire shi, don tsagaggiyar roba tana da kaifi.

A nan kuma ake kafa doka, a taƙaice, murya a sake: ba a dukan kowa da sanda, ba a gudu da ita a hannu, ba a sa ta a baki, ba a hawa kan bukka. Ki faɗa sau ɗaya ki sa su maimaita. Wanda ya mai da sanda takobi, a karɓe ta a ba shi aikin riƙe fegi na ɗan lokaci. Ba sai an yi tsawa ba.

Ki karanta shekarun da aka rubuta a jikin kwalin, ki yi aiki da su. Ga yadda nake raba aiki. Ɗan shekara 6 zuwa 8 shi ne magini, shi ke ƙirga sanduna yana cusawa. Ɗan shekara 4 ko 5 yana miƙo kaya yana riƙe dirka, yana kuma gwada cusa na ƙasa-ƙasa. Wanda bai kai shekara 3 ba kada a bar masa sanda ko fegi, don ƙarfen da ke cikin fegi kan fita, kuma komai baki yake kaiwa. A ba shi ɗaukar matashi da jan bargo, idonki na kansa. Ki tabbatar kowa ya sami aiki mai suna, domin yawancin kukan da ake yi a wajen ginin nan na wanda aka bari ne yana kallo.

Mataki na 3: Koyon cusa sanda

Wannan matakin ne mutane ke tsallakewa, kuma shi ke jawo karyewar sanduna. Ki ɗauki ƙwallo ɗaya da sanda ɗaya ki nuna musu a hankali. Ƙwallo a tafin hannun hagu, a dunƙule shi. Sanda a hannun dama, a riƙe ta kusa da bakin da zai shiga, kamar tazarar yatsu uku. A cusa ana murzawa har a ji ta tsaya. Yaro in ya riƙe ta daga can ƙarshe ya danna, lanƙwashewa za ta yi, in an yi rashin sa'a ta karye ko ta zame ta soki na kusa da shi.

Sai ki juya ƙwallon su ga ramukansa. Waɗansu suna fuskantar juna daidai, sanda ta shiga nan wata ta fita can a miƙe. Waɗansu suna ba da kusurwa irin ta lungun ɗaki. Waɗansu kuma a karkace suke. Bukkar da za mu yi ba ta buƙatar na karkace ko ɗaya. Dabarar ita ce kowane ƙwallo ya zauna da rami ɗaya yana kallon sama sak, wani yana kallon ƙasa sak. Idan an ga sanda sai an tanƙwara ta kafin ta kai ramin da ake so, to ba laifin sandar ba ne, an sa wata a ramin da bai dace ba. A cire, a juya ƙwallon, a sake gwadawa. Kada a tilasta.

Ki bar kowane yaro ya haɗa sanduna huɗu da ƙwallaye huɗu ya yi 'yar siffa mai kusurwa huɗu a kwance a ƙasa. Wanda tasa ta kwanta lif ba tare da wani gefe ya ɗaga ba, ya iya.

Mataki na 4: Aza harsashi

Sanda ɗaya ta yi gajarta, ɗakin da aka yi da tsawon sanda ɗaya ko kyanwa sai ta takure. Don haka kowane gefe sanda biyu za a jera. A haɗa sanda biyu da ƙwallo a tsakiyarsu, a yi irin wannan guda huɗu, sannan a haɗa su da ƙwallaye huɗu na kusurwa. Harsashi ya ci sanduna 8 da ƙwallaye 8, kuma faɗinsa zai kama santimita 80 zuwa 90, wanda ya ishi yara biyu su zauna, uku in ƙanana ne kuma suna shiri.

Ki tsaya a kansa ki duba ta sama. Kusurwoyi huɗun su daidaita, kowane ƙwallo ya taɓa ƙasa, kowane kuma raminsa na sama yana kallon rufin ɗaki. Gyaran da bai ɗauki minti ɗaya ba a nan, in an bar shi, sai an warware rabin gini daga baya. Yanzu ku yanke shawarar inda ƙofa za ta kalla. Ki bar yaran su zaɓa, amma ki lallaɓa ta kalli inda kike zama ko inda kike aiki, yadda za ki riƙa hango cikin.

Mataki na 5: Tayar da bango

Kada a haɗa doguwar dirka a gefe a zo a kafa, za ta yi ta rangaji tana faɗuwa a kan yara. Hawa-hawa ake tashi.

A cusa sanda a tsaye a kan ƙwallayen kusurwa huɗu, da na tsakiyar baya, da na tsakiyar gefe biyu. Sanduna 7 ke nan. Ƙwallon tsakiyar gaba a bar shi haka, nan ce ƙofa. A ɗora ƙwallo a kan kowace sanda, guda 7. Wajen ɗorawa a riƙe sandar da hannu ɗaya a danna ƙwallon da ɗayan, kada a danna shi kan sandar tana tsaye ita kaɗai. Sai a haɗa ƙwallayen nan da sanduna 6 a kwance, biyu a dama, biyu a baya, biyu a hagu, gaba a buɗe. Wannan ɗamarar ta tsakiya ita ce ƙarfin bukkar, kuma ita ce masu gaggawa ke bari don su tsimi sanduna. Kada ki bar ta.

Daga nan sai hawa na biyu: wasu sanduna 7 a tsaye a kan ƙwallayen ɗamara. A wannan gaɓar gini yana rawa, nan ne za ki ji ana "Umma, za ta faɗi!" Ki ce wa ƙaramin, "Zo riƙe mana nan, Auta, kar ka saki sai Yaya ya gama." Zai riƙe da hannu biyu, fuska a ɗaure, yana jin shi ne ya tallafe gidan gaba ɗaya, kuma gaskiya ne, riƙon nasa yana da amfani.

Sandar ƙarshe a kowane zagaye ita ce mai wuya, domin gefe biyu duk sun riga sun kafu. A cusa bakinta na gefe ɗaya har ƙarshe, a ɗan ja ɗayan ƙwallon baya kaɗan, a saita bakin sandar da ramin, a mai da shi. Wannan aikin babba ne, ki karɓa ki yi.

Mataki na 6: Rufi

A saman sanduna 7 ɗin a ɗora ƙwallaye 7, a haɗa su zagaye da sanduna 8, tare da ƙwallo na takwas a tsakiyar saman ƙofa. Sai a ɗauki ƙwallo ɗaya a cusa masa sanduna 4 ta fuska huɗu, a ɗaga shi a haɗa bakunan da ƙwallayen tsakiya na sama. Wannan gicciyen shi ke hana zani lotsawa ya sauko kan yara. Zuwa nan an ci sanduna 40 da ƙwallaye 24, saura sanduna 4 da ƙwallo 1. Ki ajiye su na canji, ko ki bar yara su yi tuta da ɗaya.

Yanzu ki sa tafin hannu a kusurwar sama ki tura a hankali. Za ki ga ginin yana karkata gefe. Haka duk abin da aka haɗa da kusurwa huɗu yake, yana iya goce wa siffarsa ba tare da sanda ko ɗaya ta fita ba. Mai kusurwa uku ba ya yin haka, shi ya sa kafinta ke gicciya katako a ƙyauren langa-langa. Sandunan kwalin duk tsawonsu ɗaya, ba za su kai daga kusurwa zuwa kusurwa ba, don haka tsumma zai yi mana aikin. A ɗaura shi a ƙwallon ƙasa na dama a bangon baya, a ja shi zuwa na sama na hagu a ɗaure, sannan a yi wani daga ƙasan hagu zuwa saman dama. A ja ya miƙe amma kada ya tanƙwara sanda. A yi haka a bangon baya da gefe biyu, ta waje, a yanke duk jelar da ta rage. Ki sake turawa ki ji bambanci. Ki sa yaran su tura kafin ɗauri da bayan ɗauri, su ji da hannunsu. Ba sai kin yi musu dogon bayani ba.

Mataki na 7: Lulluɓi

Yadi ɗaya santimita 91 ne. Atamfa yadi 3 za ta tashi daga ƙasan dama, ta haye rufi, ta sauka ƙasan hagu, faɗinta kuma ya rufe zurfin bukkar har da rara. Mutum biyu su kama bakinta, su ɗaga ta sama da ginin, su sauke a hankali. Kada a ja ta a kan sanduna daga gefe ɗaya, jan ne ke tumɓuke ƙwallaye. A daidaita ta yadda abin da ya sauka dama ya yi daidai da na hagu, don in gefe ɗaya ya fi nauyi can bukkar za ta karkata. Sai zani na yadi 2 ya tashi daga saman ƙofa, ya bi rufi, ya sauka baya.

A kama zani da sanda da fegi, a fara da kusurwoyin sama huɗu, sannan tsakiya, sannan dirkoki. Fegi aikin 'yan shekara 4 da 5 ne, suna son sa ƙwarai, kuma yana ƙarfafa musu yatsun da za su riƙe fensir. In fegi ya ƙare, a tattara zanin a kan ƙwallo a ɗaure wuyansa da tsumma ko robar ɗaure kuɗi.

Labulen ƙofa a maƙala shi a sandunan sama kaɗai, ya zama ko ƙaramin cikinsu zai ture shi ya fita ba tare da neman taimako ba. A bar tazara kamar tafin hannu tsakanin zani da ƙasa a gefe ɗaya, a kuma naɗe wani lungu a sama a kama da fegi ya zama taga. Iska ta shiga ta ƙasa ta fita ta sama. Yara biyu a rufaffen wuri suna haɗa zufa cikin 'yan mintuna, ballantana a bazara, tsakanin Maris da Mayu. A irin wannan lokacin rufi da bango ɗaya sun isa, ko a lulluɓa tsohon gidan sauro, wanda ma ya fi, don kina ganinsu suna ganinki.

Game da bargo: in hunturu ne kuma yara sun nace sai shi, a sa mai laushi marar nauyi guda ɗaya a rufi kawai. Babban bargon nan mai gashi na gadon amarya zai durƙusar da ginin nan take. Leda kuwa, ko ta shimfiɗa ko ta katifa ko tamfol, kada a kusanto da ita, tana toshe numfashi.

Mataki na 8: Shimfiɗa da shiga

A ninka bargo a shimfiɗa a ciki yadda zai rufe sandunan ƙasa, musamman na bakin ƙofa, don nan ake tuntuɓe, nan kuma gwiwa ke dannawa. A jera matasai a jikin bango ta ciki, su yara za su jingina da su maimakon sanduna. A rataye tocila a gicciyen rufi in ba ta da nauyi, ko a ajiye ta a lungu.

Maganar haske ba ta wasa ba ce. Kyandir, fitilar ƙwai, ashana, maganin sauro na kunnawa, turaren wuta, kaskon garwashi na jin ɗumi, babu wanda zai shiga bukkar nan ko ya zauna kusa da ita. Atamfa da mayafi suna kamawa cikin ƙiftawar ido, hayaƙin gawayi kuma a rufaffen wuri yana kisa ba tare da an ji wari ba. Ƙananan fitilun wasa masu batir irin na agogo, ki duba murfinsu a ɗaure yake da kusa, domin haɗiye irin wannan batirin yana ƙona maƙogwaro, abin gaggawar asibiti ne. Jariri ba ya kwana a ciki, ko da yayyensa sun roƙa. Manyan in barci ya ɗauke su, a ɗage labule da gefe ɗaya, ko a ɗauke su a mai da su shimfiɗarsu cikin gidan sauro.

Da an gama, ki koma gefe. Gidansu ne yanzu. In za ki leƙa, ki tsuguna a bakin ƙofa ki yi sallama: "Salamu alaikum, masu gida suna nan?" Za ki ji an yi tsit, sai ƙus-ƙus, sai wata 'yar murya ta amsa da iyayi, "Wa alaikumus salam, bismillah, shigo." Ki kai musu gyaɗa ko dabino a ɗan kwano in sun kai shekarun ci ba shaƙewa. Da dare in an ɗauke wuta, ki sa kai da kafaɗa a ciki ki ce "Ga ta nan, ga ta nanku," ki ji yadda "Ta zo mu ji ta" ke fita a wurin da ba kowa sai ku. A ganina wannan ya fi komai daraja a cikin aikin, kuma ban ga dalilin da zai sa a cika bukkar da kayan wasa ba. Su da kansu za su mai da ita kanti yau, gobe asibiti, jibi ajin Islamiyya.

In abu ya ƙi

Idan sanda tana zamewa daga rami, a naɗa salatif zagaye ɗaya ko biyu a bakinta. Idan ta cije ta ƙi fita, a murza ana ja, kada a girgiza ta gefe da gefe, kada kuma a shafa mai, don bayan haka ba za ta ƙara kamawa ba. Idan rufi ya lotsa, zanin ya yi nauyi ko gicciyen ya saki. Idan saman ƙofa ya sauko, a rage abin da aka rataya masa, labule mai nauyi ne yawanci.

Za ta rushe, ko ba yau ba. Wani zai miƙe tsaye a ciki, wani zai faɗo mata ta waje. Ki fara duba yaran, sannan ki tambaye su ta ina ta saki, ku nemo wurin tare. Kada ki karɓe gyaran ki yi shi ke kaɗai don sauri. Yaron da ya gano da kansa cewa ɗamarar tsakiya ce ta fita, gobe shi zai tuna wa ƙaninsa.

Idan yara sun fi uku, kada a faɗaɗa ɗakin zuwa sanda uku ko huɗu, rufin ba zai ɗauka ba sai da dirka a tsakiya. Gara a yi ɗaki na biyu da tebur ko kujeru, a haɗa su da rariyar rarrafe da aka yi da kwali.

Idan babu kwalin sanduna

Ba kowa zai same shi ba, kuma ba dole ba ne. Teburin cin abinci ya fi kowane kwali ƙarfi: a lulluɓa masa zanin gado, a ɗaure kusurwoyin a ƙafafunsa da tsumma. Abin kiyayewa ɗaya ne, kada a danne zanin da littattafai, dutsen guga ko tukunya a saman tebur. Yaro zai ja zanin ta ƙasa, abin ya faɗo masa a ka. Ɗauri ake yi, ba danni ba.

Kujeru huɗu ma suna yi. A juya bayansu ciki, biyu suna fuskantar dama biyu hagu, a shimfiɗa zani a kan bayansu a kama da fegi. Kujerun roba ba su da nauyi, suna kifewa ciki in an ja rufin, don haka a ɗora matashin kushin ko jakar kaya a mazauninsu.

Akwai ta igiya: a ɗaure ta daga ƙarfen taga zuwa ƙusar gidan sauro, a rataya zanin gado a kai, a buɗe gefe biyu a danne su da matasai. Igiyar ta wuce kan mafi tsawon yaran, ta miƙe sosai, kuma a kwance ta da zarar an tashi daga wasa. Igiya mai lilo a daidai wuyan yaro haɗari ce.

Wanda yake kusa da gona, bayan kaka karan dawa ba ya wuya, kuma yaranmu sun daɗe suna ƙera motoci da shi. A zaɓi busassu masu kauri guda 5 ko 6, tsawon kamar mita ɗaya da rabi, a cire ganye, a kakkaɓe su a waje saboda kunama da ƙwari. A haɗa kawunansu a ɗaure da tsumma tamau, a baje ƙafafun a zagaye a kan darduma, a zagaya da wani tsumman a tsakiya daga kara zuwa kara don kada su baje, a lulluɓa zani. Ɓawon kara yana yanka kamar reza in ya tsage, saboda haka babba ne zai yanke shi, a kuma naɗe bakunan da ƙyalle.

Mai son abin da zai daɗe ya je wajen masu sayar da kayan famfo ya sayi bututun roba na rabin inci da gwiwoyi da mahaɗai masu baki uku. A yanka shi gunduwa-gunduwa tsawo ɗaya, santimita 50 ya yi, a goge bakunan da samfefa. Kada a sa gam, ana so a riƙa warwarewa. Ya fi sandunan kwali ƙarfi, sai dai ya fi su wuyar cusawa ga ƙananan hannu. Babban kwalin firji ko na injin wanki kuwa gida ne a gine, ƙofa da taga kawai za a yanka masa, bayan an zare duk ƙarafunan da aka ɗinke shi da su.

Mataki na 9: Warwarewa da ajiya

Ki sanar da su tun da wuri cewa bukkar za ta tashi, misali bayan sallar isha'i ko gobe da safe, don rusa ta ba zato yana jawo kuka mai tsanani. In akwai fili, barinta kwana biyu ko uku ba laifi, sai dai a kakkaɓe shimfiɗar kullum saboda ɓurɓushin abinci da tururuwa.

Ana warwarewa daga sama zuwa ƙasa: fegi, zani, tsumman ɗauri, gicciyen rufi, sannan hawa-hawa. A ƙirga kaya kamar yadda aka ƙirga da farko, 44 da 25. Ƙwallon da ya ɓace yana ƙarƙashin kujera ko bayan labule, a nemo shi a lokacin, domin wanda ya taka shi a kan tayil da dare zai sha ƙasa. In ƙura ta shiga ramuka, a wanke da ruwan sabulu a shanya a inuwa, rana tana busar da roba ta riƙa karyewa. A ɗaure sandunan goma-goma da roba, a zuba su da ƙwallaye da fegi da tsumman a jaka ɗaya, a ninke atamfar a sa a ciki ita ma, a rataye jakar inda hannun ƙaramin ba zai kai ba.